Ko ka sani? Mesar da ke yin tiyata ta baki

Ko ka san akwai na'urar da likita ke zurawa ta bakin mutum, ya yanka tsoka a ƙofar tumbinsa, ya fito bai tsaga masa fata ko kaɗan ba? Sunanta endoskop. Mesa ce mai lanƙwasa, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, a kanta akwai fitila da kyamara, a cikinta kuma akwai siririyar kafa da ake tura wuƙar lantarki.

Asalinta da ban mamaki. A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya gwada leƙa tumbi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma mai wasan haɗiye takobi ne ya yarda aka gwada a kansa. Mai lanƙwasawar sai a 1957 Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka ƙera ta a Amurka, shi ya ma fara haɗiye ta da kansa.

Cutar da ta fi nuna gwanintar wannan mesa ita ce akalasiya. Bututun abinci, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 25, yana matsa loma daki-daki har ƙasa. A ƙarshensa akwai zoben tsoka mai aiki kamar zariyar wando: loma ta iso ya saki, ta wuce ya tsuke. Idan jijiyoyin da ke ba shi umarnin saki suka lalace, sai ya ƙi buɗewa, matsawar nan ma ta tsaya. Tuwo ya tsaya a ƙirji, ruwa ma haka. Da dare abincin ya dawo baki yadda aka haɗiye shi, mutum ya yi ta ramewa ga kwano cike a gabansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake daɗewa ana ɗaukar ta a matsayin ƙwannafi ko olsa, domin ba ta da yawa: kusan mutum 1 cikin 100,000 take kamawa a shekara.

An daɗe ana neman maganin cutar. A 1674 Thomas Willis na Ingila ya ba wani mai fama da ita sanda mai soso a kai, yana tura abincinsa da ita. A 1913 Ernst Heller ya tsaga ciki ya yanka zoben. Sai a 2008 Haruhiro Inoue, a Yokohama ta Japan, ya yi wannan yankan ta baki, aikin da ake kira POEM.

Ga dabarar. Bayan an sa majinyaci barci, likita zai ɗan tsaga shimfiɗar ciki ta bututun abincin, can sama da zoben, ya cusa mesar tsakanin shimfiɗar da tsoka. Daga nan ya yi ta haƙa rami kamar gafiya, har ya ɗan shiga bangon tumbi. A cikin ramin yake yanka tsokar da ta ƙi saki, sannan ya ja da baya ya rufe ƙofar ramin da 'yan maƙalai. Shimfiɗar da aka bari lafiya ita ke rufe yankan, abinci ba ya zuba cikin ƙirji. 

Sai dai fa ƙofa kawai aka buɗe. Jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, don haka yawanci nauyin abinci ne ke gangarar da shi. Ƙofar da aka sassauta kuma ba ta tare ruwan tsamin tumbi kamar da, shi ya sa da yawa ke fama da ƙwannafi bayan aikin, har su riƙa shan magani. Likitoci kan ce a ci abinci a zaune, a tauna sosai, a kora da ruwa, kuma kada a kwanta da zarar an gama cin tuwon dare.