Gishirin da ya fi son ruwan sanyi

Kowane mai shayi ya san sukari ya fi narkewa a ruwan zafi. To, akwai gishirin da ya saɓa wa wannan al'ada, sunansa gadoliniyam salfet. Narkar da shi a ruwan sanyi har ruwan ya ƙoshi, ka ɗora a wuta, sai ka ga ƙwayoyi farare suna fitowa suna kwantawa a gindin kwalba. Ba gishirin miya ba ne, kada wani ya kai shi baki. A wurin masana sinadarai, abin da ƙarfe da asid suka haifa shi ake kira gishiri.

Gadoliniyam ɗaya ne daga cikin ƙarafa 17 masu wuyar tacewa, kuma wani masani ɗan Suwizalan, Marinyak, ya gano shi a 1880. Ana samunsa a cikin yashin monazait, irin wanda ke fitowa tare da kuza a Jos. Masu tace yashin kan gasa shi cikin asid ɗin salfa mai zafi, sannan su jiƙa shi da ruwan sanyi, domin sun san halin gishirin.

Amma a ganina ba nan abin mamakin yake ba. Kowace ƙwayar zarrar gadoliniyam da ke cikin gishirin ɗan mitsitsin maganaɗisu ce, saboda tana da lantarki guda 7 marasa abokan zama. A yadda suke, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Idan aka sa gishirin a tsakiyar babban maganaɗisu, sai su miƙe su fuskanci waje guda, gishirin ya fitar da zafi, ruwan hiliyam ya kwashe zafin. Daga nan a raba shi da hiliyam ɗin, a rage ƙarfin maganaɗisun sannu a hankali. Ƙwayoyin za su sake watsewa, watsewar kuwa tana cin zafi, kuma babu inda za su samo shi sai jikin gishirin kansa. Sai ya ƙara sanyi.

Da wannan dabara Wiliyam Jiyok da ɗalibinsa Makdugal suka kai digiri 0.25 kacal sama da ƙarshen sanyi, wanda yake -273.15 a ma'aunin Salsiyas, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, cikin 1933. Jiyok ya karɓi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1949.