Allurar Cikon Fuska: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

A 'yan shekarun nan wata sabuwar kwalliya ta shigo manyan biranen Kudu, musamman Ikko, wadda ba da hoda ko kwalli ake yin ta ba, da allura ake yi. Turawa na kiran ta fila, watau ciko. Ana ɗura wani ruwa mai kauri ƙarƙashin fatar fuska domin a cike tamoji, ko a tayar da kumatun da suka faɗa, ko a ƙara wa leɓe kauri. Da yake matan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun suna cin karo da tallar abin a wayoyinsu da gidajen gyaran gashi, ya kamata jama'a su san asalinsa da kuma haɗarin da ke cikinsa.

Idan mutum ya manyanta, kitsen da ke ƙarƙashin fatar fuskarsa yakan ragu, ƙashi ma ya ɗan zaizaye, sa'an nan fata ta saki. Baƙar fata ba ta saurin yin tamoji kamar fara, amma kumatu da ƙasan ido sukan faɗa. Wannan gurbi ne allurar take cikewa. Ta bambanta da allurar Botox, wadda ita naman fuska take sassautawa na wata 3 ko 4.

ASALIN ABIN

A 1899 ne wani likita a birnin Biyana, Robert Gersuny, ya ɗura man baselin cikin jikin wani majinyaci domin cike gurbi. Ba a daɗe ba likitoci suka shiga ɗura kakin kyandir a fuskokin mutane. Wata Ba'amurkiya, Gladys Deacon, wadda ta yi suna wajen kyau a Turai, daga baya kuma ta auri wani babban basarake na Ingila, ta sa aka ɗura mata kakin a karan hanci tana da ƙuruciya. A hankali kakin ya zarce ya taru a haɓarta, ya ɓata mata fuska har ƙarshen rayuwarta. Bayan kaki sai aka koma ruwan silikon, shi ma ya bar mutane da ƙulluttai waɗanda ba sa fita sai da fiɗa, wani lokaci ma fiɗar ba ta iya kwashe su duka.

A 1981 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Zyderm, wanda aka yi daga fatar saniya, amma sai an gwada shi a hannu tukuna domin jikin wasu ba ya karɓarsa. A 2003 kuma ta amince da Restylane na ƙasar Suwidin. Shi wannan an yi shi ne da sinadarin hayaluronik, wanda dama akwai shi a fatar ɗan Adam da gaɓoɓinsa da ruwan idonsa, aikinsa kuwa riƙe ruwa. Da can daga zankon zakara ake tatsarsa, yanzu kuwa yawanci ƙwayoyin bakteriya ke samar da shi a masana'anta.

Irin wannan ciko shi ne ya fi yawa a yau. Yakan kai wata 6 zuwa 18 kafin jiki ya shanye shi, watau mai so sai ta riƙa komawa tana biya. Babban amfaninsa shi ne, idan aiki ya ɓaci akwai wata allura, hayaluronidas, da ke narkar da shi. Kaki da silikon ba su da makari irin wannan.

INDA HAƊARIN YAKE

Kumburi da taruwar jini na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne allura ta faɗa cikin jijiyar jini. Cikon yakan toshe ta, fatar wurin ta mutu, in kuma ya bi jijiyar da ke kai jini ido, mutum na iya makancewa nan take, kuma da wuya ganin ya dawo. Tsakanin gira da kan hanci su ne wuraren da suka fi haɗari. FDA ta yi gargaɗi a kan haka a 2015, a 2021 kuma ta ja kunnen jama'a kada su yi amfani da 'yan na'urorin da ke harba ciko cikin fata ba da allura ba. A shekarar ce kuma Ingila ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba wannan kwalliya.

Mai baƙar fata tana da nata ƙarin lura. Inda aka soka allura yana iya barin baƙin tabo, ko tabo mai tudu ga wadda jikinta ke yin irinsa. Haka kuma canjin launin da ke nuna jijiya ta toshe ya fi wuyar ganewa a baƙar fata. Saboda haka zafi mai tsanani, ko dushewar gani bayan allura, magana ce ta asibiti a wannan sa'a, ba sai gobe ba.

Duk wadda ta ƙudura yi, to, ta tabbata likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta Nijeriya, MDCN, zai yi mata a asibiti. Ta ga kwalin a rufe da lambar NAFDAC, ta tambayi sunan abin, ta kuma tambaya ko akwai allurar narkarwa a ajiye. Mai juna biyu da mai ƙurji a fuska su dakata. Wadda aka ce za a yi mata ciko na dindindin da kuɗi kaɗan a bayan shago, ta tuna araha ba ta ado, domin abin da ba ya fita daga jiki, hankali shi ne kada a bari ya shiga.