Duba resor na supap in an buɗe kulas

Kulas shi ne murfin ƙarfe da ke bisa injin mota. A cikinsa ake samun supap, watau ƴan ƙofofin da iska da mai ke shiga, hayaƙi kuma ya fita. Injin Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, yana da piston 4 da supap 8. Kowace supap tana da resor, waya ce ta ƙarfe da aka murɗe. Shi ke mayar da supap ta rufe.

Aikinsa ba kaɗan ba ne. In inji yana juyawa sau 3000 a minti, kowace supap tana buɗewa sau 1500. Sau 25 ke nan cikin sakan guda. Da daɗewa resor yana gajiya. In ya gaji, supap ba ta zama daidai a mazauninta. Wuta ta riƙa bi ta gefe har bakinta ya ƙone, mota ta rasa ƙarfi a hawa. In ya karye, supap tana iya faɗawa bisa piston. Nan ɓarna ta yi yawa.

Wasu makanikai suna gyara supap, su sa juwan sabo, su mayar da tsohon resor ba su duba shi ba. Wannan ganganci ne, don dubawar ba ta cin kuɗi.

A cire resor da abin matse shi. A yi hankali da ido, don yana iya tsalle. A huda kwali, a rubuta lamba 1 zuwa 8, kowace supap da kayanta su zauna wurinsu. A wanke su da gazuwal. Wanda ya tsage ko tsatsa ta ci shi, a yar.

Sai a jera su bisa madubi a kwance, a sa sabo guda kusa da su. Wanda ya fi sauran gajarta ya gaji. Kada a ja shi don ya yi tsawo: ƙarfinsa ba zai komo ba. A tsayar da kowane jikin ekar irin ta masu aikin katako, a juya shi sannu. In kansa ya nisanci ekar fiye da milimita 2, ya karkace, zai riƙa cin sandar supap gefe guda.

Saura gwajin ƙarfi. A haɗa tsoho da sabo kai da kai, da ɗan faifan ƙarfe tsakaninsu, a matse su tare cikin eto. In tsohon ya lanƙwashe ya fi sabon gajarta sosai, a canza shi.

Wajen mayarwa, in murɗin resor ya fi matsewa a gefe guda, wannan gefen ne ke zama bisa kulas.