Yadda Za Ka Shirya Zuwa Wurin Wasa Da Ɗan'uwa Mai Keken Guragu Ta Hanyar Wayarka

Duk Sallah akan samu iyalai daga Sakajiki, Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi da ke zuwa Kano wajen dangi, kuma da wuya yara su bari a dawo ba a kai su Gidan Zoo na Audu Bako ko wani wurin lilo ba. Sai dai idan akwai kaka mai dogara sanda, ko yaya mai keken guragu, shi ake cewa ya zauna ya tsare gida. Ba don ba a son sa ba, sai don babu wanda ya san abin da za a tarar a can. Wayar da ke hannunka za ta iya ba ka amsar tun kafin ku shiga mota.

Fara da awon gida

Kafin ka buɗe kowace manhaja, auna faɗin keken daga taya zuwa taya. Yawancin kekunan da ake turawa suna tsakanin santimita 60 zuwa 70, don haka ƙofar da ba ta kai santimita 80 ba za ta ba ku wahala. Keke mai ƙafa uku da ake juyawa da hannu ya fi tsawo kuma ba ya naɗewa, dole a san yadda za a ɗaure shi a mota. Rubuta awon a wayarka. Sannan ka tambayi mai keken ko sandar: tafiyar minti nawa yake iya yi kafin ya huta, kuma me ya fi ba shi matsala? Shi ya fi kowa sani.

Duba wurin a Google Maps

Google ya ƙara bayanin wuraren da masu keke ke iya shiga. Nemo sunan wurin, ka shiga sashen About. Idan an cike bayanin, za ka ga ko ƙofar shiga, wurin ajiye mota, wurin zama da banɗaki sun dace da mai keke.

A kula: mutane ne da masu wurin ke cike wannan bayani, kuma wurare da yawa a Arewa babu wanda ya cike musu. Rashin alamar keke ba ya nufin ba a shiga, ganinta kuma ba tabbaci ba ne. Saboda haka ka buɗe hotunan da baƙi suka ɗora, ka zaɓi na baya-bayan nan, ka riƙa kallon ƙasa maimakon dabbobi ko lilo. Siminti ne, ko yashi, ko tsakuwa? Ƙananan tayoyin gaba na nutsewa a yashi, robar gindin sanda kuma na zamewa a kan jiƙaƙƙen tayil.

Juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka danna bakin ƙofa ka riƙe, ka zaɓi Measure distance don auna nisan zuwa inda kuke son kaiwa. A nan ne za ka ga inda bishiyoyi suke don hutawa.

Akwai kuma Wheelmap, wadda wata ƙungiya a birnin Balin na Jamus ta fito da ita a 2010. Kore na nufin ana shiga ko'ina, rawaya wani sashe kawai, ja ba a shiga, ruwan toka kuma ba a tantance ba. A garuruwanmu ruwan tokan ya fi yawa.

Tura wani ya gano maka

Wannan ya fi duk manhajojin amfani. Roƙi ɗan'uwanka da ke Kano ya je wurin kwana ɗaya ko biyu kafin ku iso, ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp, ko ya turo gajerun bidiyo idan sabis ɗinku ba shi da ƙarfi. Ya nuna maka abubuwa huɗu: ƙofar shiga, tagar sayen tikiti, banɗaki, da hanyar zuwa masallaci.

Idan akwai gangaren hawan keke, a duba tsayinsa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kowane santimita 1 na tudu ya samu santimita 12 na tsawo. Wato dakali mai santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3.6. Wanda ya gaza haka sosai yana iya kifar da keke ta baya. Ya kuma tambayi masu kula da lilo wanne ake barin mai keke ya hau, da yadda ake ɗora shi.

Sauke taswira kafin tafiya

Hanyar Ƙaura zuwa Gusau, Tsafe da Funtua har Kano tana da wuraren da sabis ke ɗaukewa, kuma ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Danna hotonka a Google Maps, shiga Offline maps, ka zaɓi yankin ka sauke. GPS na aiki ko babu data, amma taswirar da aka sauke hanyar mota kawai take nunawa, ban da ta ƙafa. Ku yi tafiyar da rana, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, kuma a cika fawa bank da caji.

Ranar shiga

Ranar Sallah da washegari cunkoso ya fi yawa. Ku bari sai rana ta uku ko ta huɗu, ku je da zarar an buɗe, kafin rana ta yi zafi. Ku kunna Live location a rukunin WhatsApp na iyali. Akwai zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8, ku ɗauki na awa 8 don kada a rabu a cikin jama'a.

Ajiye wannan ma a wayarka: dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara ba su dama a layi. Ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Faɗa wa mai tsaron ƙofa cikin ladabi, ba da faɗa ba.

Bayan kun dawo

Ɗora hotunan ƙofa, hanya da banɗaki a Google Maps, ka amsa tambayoyin shigar keke, ka rubuta sharhi da Hausa tare da watan da kuka je. Minti biyar zai ɗauke ka, kuma shi ne abin da wani saurayi a Zurmi zai gani baɗi idan ya tashi kai mahaifiyarsa.