Aibin Kaya a Gaban Kyamara: Sirrin Yana Wajen Fitila

Duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu ya san ba a kallon gilashinta kai tsaye. Karkata ta ake yi, a juya nan a juya can, har haske ya faɗo mata ta gefe, sai ƙarzunan da mai sayarwa ya rantse babu su su fito reras. Idon dai shi ne, wayar ma ita ce. Inda hasken ya ɓullo ne ya sauya.

A masana'antun murza ƙarfe da na gilashi da takarda, kyamara ce ke wannan aikin. Tana kafe a sama, kaya na wucewa da gudun da ido ba zai iya bi ba, kwamfuta na ware masu aibi. Mutane kan zaci sirrin yana cikin tsadar kyamarar. Ni kuwa a ganina, in fitila ba ta nuna aibi ba, ko wace irin manhaja aka ɗora, aikin banza ne.

Ƙa'idar tsohuwa ce, Ibnul Haisam ya yi bayaninta a Kitabul Manazir kimanin shekara 1000 da suka wuce: haske in ya bugi abu mai santsi, da irin karkatar da ya sauka yake tashi. To in aka kwantar da fitila ƙasa-ƙasa tana shafar fuskar ƙarfe, hasken zai zame ya wuce bai shiga kyamara ba, hoton ya fito baƙi ƙirin. Amma in akwai ƙarzuwa, ko da ba ta kai kaurin gashi ba, bakinta zai tarwatsa hasken, wani ya haura sama, sai ga ta fara tas cikin duhu. Masu bin sawu sun riga injiniyoyi gane amfanin hasken gefe. Sawun da ke kwance ɓaro-ɓaro a yashi da sassafe, rana na take tsaka sai ya dushe.

Ana kuma yin akasin haka: a sauko da haske daga saitin idon kyamara, wuri mai lafiya ya mayar da shi ya fito fari, rami ko tabo ya fito baƙi.

Rigimar tana wajen abu mai lanƙwasa da ƙyalli, kamar gwangwani ko ledar azurfa ta ƙwayar magani, wanda walƙiyarsa ke kashe wa kyamara ido. Nan sai a kifa masa wani abu kamar ƙwarya mai farin ciki, da huda a ƙoƙonta inda kyamara ke leƙowa, fitilu na haska cikinta. Haske ya zo ta ko'ina, kamar ranar da gajimare ya rufe sama. Rubutu da tabo su fito, amma fa ƙananan ƙarzuna su ɓuya. Sai mutum ya zaɓi aibin da yake farauta.

Kwalba kuwa ta bayanta ake haskawa, yadda mai kiwon kaji ke ɗora ƙwai kan tocila. Launi ma da aikinsa: jan rubutu a farar takarda, in ka haska shi da jar fitila ɓacewa yake a hoton baƙi da fari, shuɗiya kuma ta fito da shi baƙi wuluk.

A 1980 Robert Woodham ya wallafa wata dabara: kyamara ɗaya ba ta motsi, fitilu aƙalla 3 suna kunnuwa bi da bi daga kusurwa daban-daban, kwamfuta ta haɗa hotunan ta gano tudu da kwarin fuskar abu. Da haka ake raba loɓawa ta gaske da dattin da ya ɗan shafa.

Abokin gabar duk wannan shiri shi ne hasken da ba a gayyata ba. Taga guda ta isa ta sa na'urar da ke aiki lafiya da hantsi ta dinga zubar da kaya masu kyau da la'asar. Shi ya sa ake killace wurin, a sa fitilar LED mai walƙawa daidai lokacin ɗaukar hoto, da ƙarfin da zai danne hasken ɗakin.