Ciwon gwiwa da sanƙarewar kafaɗa: motsin da ke amfanar dattijo da ɗan dambe

Jama'ar Sabon Ibadan, Agege, Ama Hausa da sauran zangonnin kudu, da yawanku kun san Kasuwan Magani, a ƙaramar hukumar Kajuru kan hanyar Kaduna zuwa Kachia. Can na taso, inda 'yan dako ke sunkutar buhun masara mai kilo 100 kamar wasa. Da dama cikin sa'o'ina da suka yi wannan aikin yanzu a kan kujera suke sallah, gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Mu kan ce "sanyi ne", a aiki yaro kemis.

Yawanci abin da ke faruwa shi ne guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi yake zaizayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da irin wannan amosanin gaɓɓai, kuma gwiwa ce kan gaba. To shi guringuntsi ba jijiyar jini a cikinsa. Daga ruwan maiƙon gaɓa yake samun abinci, kuma sai an lanƙwasa an miƙe ruwan ke shiga ya fita, kamar soso a kwano. Kun ga kenan mai shagon da ya ce "bari in huta" ya wuni a benci, ƙara wa gwiwar sanƙarewa yake.

Ɗan dambe ma gaɓoɓin nan yake mora. Dubi tsayuwarsa: ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan durƙushe, hannun garkuwa a gaba, mai ɗaurin zare a baya. Naushin daga ƙugu yake tasowa. In ƙugu ya ƙi juyawa, kafaɗa da baya ne za su biya bashin.

Ga abin da nake yi da safe, minti goma ya isa. Fara da tafiya ko taka ƙasa a wuri ɗaya har jiki ya yi ɗumi. Zauna a kujera, miƙe ƙafa ɗaya sosai, ƙirga biyar, sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Wannan shi ne mafi muhimmanci a wurina, domin naman gaban cinya ne ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Sannan ka tashi daga kujerar ka koma ba tare da dafa hannu ba. Idan ya gagara, dafa ɗin, ba gasa ake ba. Sai juya idon sawu, juya ƙugu kana dafe da bango, juya kafaɗa baya da gaba, da dunƙule yatsu a buɗe. Ɗan dambe zai ƙara tsuguno mai zurfi da karkata gangar jiki kafin ya taɓa buhun atisaye. Dattijo kam ya bar musu tsugunon.

Ɗan ciwo lokacin motsi ba komai. Amma in ya wuce awa biyu bayan ka gama, ka zarce, gobe ka rage. Mai ƙiba kuma ya sani, kowane kilo ɗaya da ya sauke na rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a duk taku.

Akwai inda motsa jiki ba shi ne magani ba. Gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi: asibiti yau ɗin nan. Sanƙarewar safe da ke haura awa guda a yatsun hannu biyu, ko ciwon ƙugu ga mai sikila, su ma na likita ne. Na Legas akwai asibitin ƙashi na Igbobi, na gabas akwai na Enugu, kamar dai Dala a Kano, duk da sashen gashin ƙashi. Ƙwayoyin diclofenac da ake saya a tire a sha kullum kuwa, don Allah a yi hattara, suna jawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda.