Kofato da Kwalta: Abin da Ke Kayar da Dawaki a Ƙofar Dundaye

Tun da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, dawaki ke shige da fice ta Ƙofar Dundaye, amma a kan ƙasa da rairayi. Yau kwalta ce shimfiɗe, motoci da 'yan kabu-kabu na kai da komo. Dokin dai yana nan, ana fita kilisa da shi da la'asar, ana hawan angwanci, ga kuma hawan Sallah. Ƙasar da yake takawa ce ta sauya, kuma mahaya sun san yadda gaba ke faɗuwa idan ƙafar baya ta zame a kwana.

Yawancin dawakin ƙasar Hausa ba a sa musu takalmi, kuma wannan ba koma-baya ba ne. A ƙarƙashin kofato akwai wata tsoka mai tauri kamar roba, mai siffar bakin mashi, wadda ke danne ƙasa ta rage zamiya. Matsalar ita ce kwalta na cin kofato kamar magagari, alhali a wata guda bai wuce ya tofo kusan santimita ɗaya ba. Shi ya sa dokin da ke yawan bin titi kan buƙaci takalmin ƙarfe.

A nan santsin yake farawa. Sabon takalmi yana da kwarmi a jikinsa da kawunan ƙusoshi da ke kama titi. Bayan 'yan makonni duk sun side, ƙarfen ya yi sumul, ga shi ya ɗage tsokar nan daga ƙasa. Shi ma titin tayoyi sun goge tsakuwarsa, baƙin mai ya ɗiga a kai. A bazarar Sakkwato, da zafi kan haura digiri 40, kwalta kan yi laushi ta taso sama tana ƙyalli. Ruwan farko na damina kuwa ya fi kowane lokaci haɗari, domin shi ke tayar da man da ya daɗe kwance.

Masu doki a Ingila sun koka da irin wannan santsi lokacin da aka fara shimfiɗa wata irin kwalta mai sulɓi, har ƙungiyarsu ta British Horse Society ta shiga maganar. A Amurka, al'ummar Amish, da har yau keken doki ne motarsu, suna narka ɓarɓashin wani ƙarfe mai tsananin tauri, tangstin, a ƙasan takalmin. Akwai kuma ƙusoshi masu ɗigon wannan ƙarfe a kai, da takalman roba da ake ɗaura wa doki a cire bayan an dawo.

Sai dai riƙon ma idan ya yi yawa cuta ne. Kofato na buƙatar ya ɗan ja kaɗan yayin da ya sauka, ta haka ne ƙarfin dukan ke raguwa. Idan ya kafe cak, gwiwa da jijiyoyi ne za su biya. Don haka ƙwararru kan wadatu da ɗigo ɗaya ko biyu ta wajen dunduniya, daidai wa daida a kowane gefe, su kuma sabunta takalmin duk mako shida ko makamancin haka.

Abin da ya fi damun mai kishin doki shi ne samarin da ke sakin linzami su yi sukuwa a tsakiyar titi, sannan su ja birki don burge 'yan kallo. Babu takalmin da aka ƙera domin wannan. Ingarma mai nauyin kilo 300 ko fiye idan ya faɗi, sau da yawa ƙafar mahayin na cikin likkafa, karayar ƙafar doki kuwa ba kasafai take ɗoruwa ba. Masu barga a unguwar Ƙofar Dundaye suna da likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a kusa, kuma ya kamata a kai musu doki su duba kofato tun saura makonni a yi Sallah.